Ba hanta kaɗai giya ke ci ba

Abin na damuna yadda mutane ke cewa giya hanta kawai take lalatawa, wai in hanta lafiya shikenan. Gaskiya ne tana cin hanta, amma akwai pankiriyas, wata 'yar tsoka a bayan tumbi mai yin insulin (sinadarin da ke daidaita sukarin jini) da ruwan narkar da abinci, giya na kumbura ta har ruwan ya fara cin naman kanta.

Lokacin kullen korona a 2020 wasu sun ƙara sha a gida ga tsoron asibiti. Mutum ya ji ciwo a saman ciki yana ratsawa har baya, ga amai, sai ya ce olsa ce ya sha maganin kemis. Alhali wannan ciwon zai iya zama kumburin pankiriyas, gano shi sai gwajin jini, sau da yawa a ba shi gado a sa masa ruwa.