Ƙuri'a da zaɓe ba abu ɗaya ba ne

Hausawanmu na Sudan da yawa suna cakuɗa su. Zaɓe shi ne hidimar gaba ɗaya, ƙuri'a kuwa takardar da mutum ya dangwala ya jefa a akwati. Idan ya dangwala wuri biyu ta lalace, ba ɗan takarar da za a ƙirga wa.

Ruɗanin ya fi yawa a Larabci, inda "ƙur'a" take nufin sa'a: a rubuta sunaye, a naɗe, yaro ya zaro ɗaya, kamar yadda mata ke tsara kwasar adashe. Ra'ayin kowa ba ya aiki a nan. Ta zaɓe "saut" ake ce mata.

Ƙuri'ar raba gardama kuma ba ta da ɗan takara, tambaya ake amsawa, irin ta Janairun 2011 da ta ba Sudan ta Kudu 'yanci.