Zoben Baba ba shi da hatimi

Zoben da ke ƙaramin yatsana na dama na mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. Farar azurfa ce ba dutse, fuskarsa shafaffiya mai kusurwa huɗu, gefe da gefe da ɗan zane kamar na dagi, sai dai shekaru sun cinye rabinsa. Wani maƙerin fari ne a cikin garin Sakkwato ya ƙera wa kakana shi, kakana ya bar wa Baba, da aka zo rabon gado ya faɗo a kaina. Shekarata tara ke nan a Bamingam ta ƙasar Ingila, kuma ban da hulata babu abin da ya jawo mini tambaya kamar ɗan zoben nan.

Turawa karanta hannu suke yi. Kafin ka buɗe baki sun saci kallon yatsanka na hagu, na kusa da ƙarami, sun yanke hukunci ko kai magidanci ne ko gwauro. Wata abokiyar aikina sai da muka kusa shekara tare ta ji ina waya da ɗiyata, ta zaro ido ta ce ashe ina da iyali, to ina zoben? Na rasa ta inda zan fara. A Sakkwato wa zai duba yatsa don ya san kana da aure? Unguwa guda ta halarci ɗaurin auren, an raba goro da alawa, maroƙi ya shelanta, waliyyai da shaidu suna nan da ransu.

Sanyin ƙasar nan kan sa yatsa ya rame. Wani hunturu zoben ya suɓuce mini a cikin safar hannu har sau biyu, na tsorata, na ce gara a rage shi. Bamingam tana da unguwar maƙeran zinare da azurfa wadda ta haura shekara ɗari biyu ana ƙira a cikinta, shago na bin shago. Na shiga wajen wani dattijo mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi. Ya karɓi zoben, bai ko kalli zanen ba, ya manna ɗan madubin nan nasu a ido ya leƙa cikinsa. Ya juya, ya sake juyawa. Ya ce bai ga hatimi ba.

A nan na koyi abin da na yi shekaru ina wucewa ta gabansa ban sani ba. A Ingila doka ba ta yarda ka sayar da abu da sunan azurfa ko zinare ba sai an kai shi ofishin gwaji an buga masa hatimi, in dai nauyinsa ya wuce wani ƙaramin mizani: giram 1 ga zinare, giram 7.78 ga azurfa. Asalin dokar tun shekarar 1300 ne, zamanin Sarki Edward na Ɗaya. Ofishin Bamingam an buɗe shi a 1773, alamarsa ƙugiyar tsayar da jirgin ruwa, alhali garin ko ƙamshin teku ba ya ji. Na Landan kan damisa ne. Kusa da alamar ofis akwai haruffan maƙerin, da lambar da ke faɗin tsarkin ƙarfen: 925 ga azurfa mai kyau, 375 ga zinare mai karat 9, 750 ga mai karat 18, 916 ga mai karat 22. Wani lokaci har da harafin da ke nuna shekarar. Duk wannan a wurin da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Zoben da ya shekara ɗari da hamsin, in ka ba masani, zai faɗa maka garin da aka gwada shi da shekarar da wanda ya ƙera.

Dattijon ya gwada nawa da na'ura, ya ce azurfa ce ta gaske amma ba ta kai 925 ba, tana wajen kashi 83 cikin ɗari. Ya tambaye ni ko a ƙasarmu ana narka tsabar kuɗi. Tsigar jikina ta tashi, don na tuna tsofaffi na cewa maƙeran fari da tsabar azurfa suke aiki. Akwai wata babbar tsaba ta ƙasar Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Tareza, wadda tun bayan mutuwar sarauniyar kowace shekara aka buga ta 1780 ake rubuta mata, fatake sun yi ta ratso Sahara da ita har ƙasar Hausa, kuma tsarkinta 833 ne cikin dubu. Ina kyautata zaton ita aka zuba a kaskon narki aka yi wa kakana zobe. Na fito shagon ina kallon yatsana kamar yau na fara ganinsa.

Mu namu hatimin fuskar mutum ce. Baba kan ce, "In kas san maƙeri, kas san ubanai, mi kaka nema kuma?" Gaskiya ne a zamaninsa. Maƙerin yana zaune a zaurensa, ga zuga-zugi, ga gawayi, ga 'yar uwar maƙera da masaba da magagari, kai kuma kana kan tabarma kana kallon azurfarka tana narkewa. In ya cuce ka, gobe a masallaci za ku haɗu. Amma Sakkwaton da Baba ya sani ba ita ce ta yau ba, kuma yawancin zobban da ke cikin gilashi a kasuwa ba a ƙera su a garin ba, daga Dubai da Saudiyya da Sin ake shigo da su cikin kwali. Zuwana gida na bara waccan na sayi zobba huɗu wajen wani mai tebur don in yi wa abokai tsaraba, ya rantse mini azurfa ce tsantsa. Ba a yi wata biyu ba wani ɗan Sudan da na ba ɗaya ya nuna mini yatsansa ya yi kore shar, yana dariya. Tagulla ce aka yi wa wanka. Kuɗin ba su dame ni ba kamar kunyar.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, zobe da hatimi a wajenmu ai tagwaye ne. Kalmar hatimi kanta daga Larabci muka aro ta, kuma a can kalmar nan ɗaya ita ce zobe ita ce abin buga shaida. Duk ɗan makarantar allo da ya kai ga littattafan hadisi ya san lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zai aika wa sarakunan Rum da Farisa wasiƙu, aka ce masa ba sa karɓar takarda sai mai hatimi, sai ya sa aka yi masa zoben azurfa aka zana "Muhammadu Rasulullahi" layi uku. Zoben ya koma hannun Sayyidina Abubakar, sannan Umar, sannan Usmanu, har ya faɗa rijiyar Aris a Madina aka neme shi aka rasa. Tun kafin nan Misirawan zamanin Fir'auna suna sassaƙa dutse da siffar buzuzu su ɗaura a zobe su danna a kan laka, Rumawa ma da zobe suke rufe wasiƙa. Har yau Fafaroma yana da zobensa na mulki, wanda ake lalatawa idan zamaninsa ya ƙare don kada wani ya yi aiki da shi. Wasiƙun sarakunan Musulmi na Daular Usmaniyya ta Sakkwato ma da hatimi suke fita. Mun san darajar shaida a kan takarda, amma ƙarfen da mata ke zuba dukiyarsu a ciki mun bar shi a kan rantsuwar mai shago.

Maimakon mu ɗauko wannan, ga abin da muka ɗauko. Kwanan baya aka turo mini bidiyo a WhatsApp na gidanmu: ɗiyar ƙanwata a wani wurin cin abinci, an jera balan-balan, saurayi ya durƙusa da gwiwa ɗaya ya buɗe ɗan akwati, ƙawaye suna ihu, ita kuma ta rufe baki wai mamaki. Wane mamaki, alhali an kai kuɗin gaisuwa tun watan jiya, kawunnanta sun karɓa, har an sa rana? Na kira uwarta na ce, "Ke kuma kina kallo?" Ta ce, "Yaya, zamani na. In ba a yi ba sai ƙawayenta su ce ba a sonta."

Ba durƙuson ne ya dame ni ba, yaro ya durƙusa wa wadda yake so ai ba laifi ba ne, kodayake gara ya ajiye gwiwar don surukai. Abin da nake so yaranmu su sani shi ne, al'adar da suke ɗauka tsohuwa ce ta Turawa, rabinta talla ce. Gaskiya ne Rumawa suna ba da zoben alkawari, galibi ma na baƙin ƙarfe, kuma daga tsofaffin littattafansu aka samo zancen wai akwai jijiyar da ta taso daga yatsan nan na hagu ta zarce zuciya, abin da likitoci suka daɗe da ƙaryatawa. Gaskiya ne a 1477 wani yarima na Ostiriya, Maksimiliyan, ya ba Maryamu ta Bagandi zoben lu'ulu'u. Amma wannan harkar 'ya'yan sarauta ce. Talaka bai shiga ba sai bayan da aka gano lu'ulu'u jibge a Kimbali ta Afirka ta Kudu, kamfanin De Beers da aka kafa a 1888 ya mamaye kasuwar, ya ga dutse ya yi yawa masu saye sun yi kaɗan. A 1947 wata ma'aikaciyar kamfanin talla a Amurka ta rubuta masa jimlar nan da ke cewa lu'ulu'u na har abada ne. Su ne kuma suka koya wa samari cewa zoben kirki sai ya ci albashin wata guda, daga baya suka mayar da shi wata biyu. Sun kai tallar har Japan, ƙasar da ba ta san wannan al'ada ba, kafin a yi shekara ashirin fiye da rabin amarenta suka koma sa shi. Shi kansa zoben aure na maza bai yaɗu a nan ba sai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da sojoji ke sawa don tuna matansu.

Jimlar tallar nan wayo ce babba, don wanda aka ce wa abu na har abada ne ba zai kai shi kasuwa ba, balle ya gane bai da daraja a hannu na biyu. A unguwar maƙeran nan na ga tagogi cike da zobban auren da ya mutu, ana sayar da su a kan abin da bai kai rabin kuɗinsu na farko ba. Yanzu kuma da ake haɗa lu'ulu'u a masana'anta, wanda ido ba ya bambanta shi da na haƙa, farashin sai ƙara zubewa yake.

Kwatanta da zoben Inna. Gwal ne na Saudiyya mai karat 21, ta sayo shi shekarar da ta sauke farali, tare da haƙorin Makka. Ba ta sa shi sai biki ko suna, sauran kwanaki yana ƙulle a tsumma a ƙasan adaka. Shekarar da zan shiga jami'a damina ta yi gardama, Baba ba shi da ko sisi. Da safe ta yafa mayafi ta fita, kafin azahar ta dawo ta ƙirga mini kuɗin rajista a kan tabarma. Mai gwal ya ɗora a sikeli, ya cire kuɗin ƙira, ya biya ta farashin ranar, wanda ya ninka abin da ta saya. Ban san abin da ta sayar ba sai da na ga babu shi a hannunta ranar bikin ƙanwata. Zoben Bahaushiya ado ne kuma asusu ne, mallakarta ita kaɗai, miji ba shi da ta cewa a kai. Sarƙa da 'yan kunne da awarwaro da zoben da ake sawa a lefe, in na gwal ne, jari aka ba yarinya. Shi ya sa nake ganin wauta ce saurayi ya kwashe kuɗin da zai sayi giram biyar na gwal ya zuba a dutsen da ba mai karɓa a kasuwar Sakkwato, don dai a ɗauki bidiyon minti ɗaya. Addinin ma da ya ce wa wani sahabi ya nemo sadaki ko da zoben ƙarfe ne, sauƙi ya nufa, ba a ɗora wa yaro sabon nauyi a kan na lefe ba.

Ba zan yi ƙarya ba, akwai abin sha'awa a na Turawa. A gidajen tarihinsu na ga zobban da aka rubuta wa ɗan baitin soyayya ta ciki, inda sai mai shi ya cire zai gani, da na makoki waɗanda aka kitsa gashin mamaci aka rufe da gilashi, wannan kam ya ba ni tsoro. Akwai wata masana'antar zobba a unguwar nan da masu ita suka kulle ƙofa a 1981 suka tafi, aka bar komai yadda yake, har kofunan shayi, aka mayar da ita gidan tarihi. Matata ma yanzu tana sa siririn zobe a hagu, ta ce ya rage mata surutun maza a tashar bas, ban hana ta ba. Mu kuwa zobban Buzaye masu zanen Agadas, da masu jan aƙiƙ da alhazai ke kawowa, da masu faɗin fuska irin na Baba, in mai su ya rasu sai a narke a sake wani abu, ko yara su ɓatar.

Da na koma karɓar zoben, dattijon ya rage shi ya goge, ɗinkin ko alama babu. Ya ce wanda ya yi shi gwani ne, da hannu ya yanka zanen ba zubi ba ne, yana so ya rubuta sunansa a takardar shaidar da zai ba ni. Na tsaya a bakin shagon cikin yayyafi na kira Gwaggo, ita kaɗai ta rage a 'yan'uwan Baba.

"Gwaggo, wa yaƙ ƙera ma Malam zobenai?"

Ta yi shiru, ina jin kukan awaki a bayanta. Ta ce, "Wani dogo na, mai ido guda, can wajen Maƙera. Ai kowa ya san shi."

"Sunansa fa, Gwaggo?"

"Kai ɗan nan, mutumin da yar rasu tun ana kashe sulalla? Mi za ka yi da sunanai?"

Na koma ciki na ce wa dattijon ya rubuta Sakkwato kawai. Sai da na jero masa haruffan ɗaya bayan ɗaya.