Hadarin da ke wuce Tahoua, yaran Amurka ke karatunsa

Ranar da ake ta shelar zuwan guguwar Helene, ƙarshen Satumbar 2024, nan jihar Karolina ta Arewa, ɗiyata 'yar aji huɗu ta miƙo mini tabilet. Shafin yara ne na NOAA, hukumar kula da yanayi da teku ta Amurka. Ta sa yatsa a kan taswirar Sahel ta ce, "Baba, da yawa daga cikin manyan guguwoyin nan daga can suke farawa."

Abin ya tsaya mini a rai. Hadarin nan da ke haɗowa daga gabas da damina, ya turo jar ƙura kafin ruwa ya sauka, idan ya wuce mu can Tahoua yamma yake yi. Ya bi ta Mali da Senegal ya faɗa tekun Atlantika wajen tsibiran Kef Bad. In ya tarar da ruwan teku mai ɗumi, digiri 26 zuwa 27, sai ya yi ta shan tururi yana juyawa. Gudun iskarsa na kai kilomita 63 a awa sai a raɗa masa suna, in ya kai 119 kuwa ya zama babbar guguwa, a sa ta a mataki na 1 zuwa na 5. Duk wannan yarinya ta koye shi da zane mai motsi da wasan tambayoyi, tana kwance a kujera.

Masu shafin ba su tsaya nan ba. Yaro ya san lokacin guguwa daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba. Ya san jakar da ake haɗawa, da ruwan sha da tocila da rediyo mai batir. An nanata masa cewa ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana kayar da babba, na santimita 30 kuwa yana ɗaga ƙaramar mota. Ku tuna yaranmu da ke rige-rigen faɗawa korama da ta kawo.

Kada a ce ina raina gida. Kakana ya kan dubi gabas ya shaƙi iska ya ce a shigo da awaki, kuma da wuya ya kuskure. Masana ma muna da su: cibiyoyin nazarin yanayi na Agrhymet da ACMAD duka a Yamai suke. Amma sanin kaka ya bi shi kabari, na masana kuma yana cikin Faransanci, bai kai ga ɗan lakkwal na Keita ko Bouza ba. A daminar 2024 ambaliya ta kashe mutane fiye da 300 a Nijar, tsohon masallacin Zinder ya rushe, aka ɗage komawa lakkwal zuwa ƙarshen Oktoba saboda azuzuwa sun cika da waɗanda gidajensu suka faɗi.

Za a ce ina intanet ɗin, ina wuta? Gaskiya ne. To ai saƙon murya na WhatsApp yana kai har ƙauye, rediyon gari ma kowa na saurare.

Mu da ke waje kuwa, sai gini ya faɗi muke taruwa a yi karo-karon buhun shinkafa da tabarmi. Cikinmu akwai injiniyoyi, akwai malaman jinya, akwai masu zane a kwamfuta. 'Ya'yanmu na da darussan nan kyauta a hannu. Ban ga abin da ya hana mu zauna mu mayar da su Hausa, mu tura wa mushe-mushen Tahoua kafin watan Yuni ba.