Salatin da ya ci mini jika ashirin

Dala arba'in, wato sefa ɗari biyu, ita ce ta jawo mini wannan wahala. Wata Juma'a cikin Nuwamba na tsaya sayen salati a bakin babbar kasuwa, mai tebur ya miƙo mini ɗan ƙullin da bai cika tafin hannu ba, ya ce dala arba'in. Na ce a kan ganye? Ni da nake da fili a bayan ɗaki, ga famfo a tsakar gida? Na dire masa kayansa, na hau kabo-kabo ina huci. Ina shiga gida na shaida wa uwargida cewa daga bana mun bar sayen kayan miya. Ta ɗago kai daga tsintar shinkafa ta ce, "Allah ya ba da sa'a, Mushe." In ta kira ni Mushe maimakon Malam, dariya ce take dannewa.

Shekara goma sha ɗaya ina koya wa 'yan lakwal cewa shuka ruwa take so da rana da ƙasa. A kan allo abin layi uku ne. Na sayo irin salati da tumatir da karoti da albasa 'yar Galmi, na haɗa da arozuwar, wato butar ban-ruwa, sabuwa fil. Abin da ban lissafa ba shi ne gidanmu a unguwar Ali Ɗan Sofo ta Maraɗi yake, kan rairayi. Ka juye bokiti guda, kafin ka miƙe tsaye ƙasa ta shanye tana kallonka kamar ba a ba ta komai ba.

Sai na ce taki ne babu. Na samo buhun kashin kaji ɗanye, na zuba da hannu biyu, don ni ba marowaci ba ne. Kwana uku gida na wari har yara suka koma cin tuwo a zaure. A na huɗu 'yan tsiron suka yi ja, suka kwanta.

Na ajiye girman kai na tafi Jiratawa, nan kusa da Maraɗi, inda masu abin suke. Can na ga lambu na gaskiya: ƙasa baƙa, ruwa na bin kwalbati, zogale layi-layi har ido ya gaji. Na sami wani dattijo yana cirar ciyawa, na gaishe shi, na zayyana masa komai. Ya saurara har na ƙare, sannan ya ce, "Ɗana, mi kaka yi wa aiki?" Na ce koyarwa, Baba. Ya jinjina kai kamar an yi masa bayanin ciwon gaba ɗaya. Ya ce kashin kaji wuta ne, sai an tara shi an riƙa yayyafa ruwa ya yi makonni ya huce. Ya ce ban-ruwa da sassafe ne da marece, kuma salati ɗan sanyi ne, in hunturu ya wuce ni in haƙura. Da zan tafi ya ba ni sandunan zogale guda biyar da ya sare, ya ce in yi shinge.

Shuka ta biyu ta fito, kore shar. Ƙadangaru suka fara zuwa gaisuwa. Akwai wani jan-gwada da ke hawa kan katanga yana gyaɗa mini kai, sai na juya ya sauko ya yi karin kumallo. Na ciro gidan sauron yara na rufe fangalin, maganar da har yau ba a gama ta a gidanmu ba. Ƙwari kuma na yi musu jiƙon ganyen dogon yaro da barkono da ɗan sabulu. Takardar kuɗin ruwa ta wannan wata, da na buɗe ta, sai da na nemi wurin zama.

Amma a tsakiyar Janairu salati ya yi kai, ya buɗe kamar fure. Na ɗauki hoto na tura wa abokan aiki a WhatsApp, na gayyace su cin salati ranar Lahadi. Ranar Asabar da la'asar na fita sayen mai da lemun tsami, na bar ƙofar baya a buɗe. Ni da kaina, ba yaro ba, na bincika sosai ko zan sami wanda zan ɗora wa.

Ku da kuke jin sunan jar akuyar Maraɗi, ana yabon fatarta har Turai, ana cewa tagwaye take haifa, ba a gaya muku cikinta ba. Wadda ta shigo mini ta tsohuwar maƙwabciyarmu ce, da 'ya'yanta biyu. Na tarar da ita tsaye a tsakiyar fangali, ganyen ƙarshe na lilo a bakinta, gidan sauron yara naɗe a ƙahonta kamar amarya. Ko gudu ba ta yi ba. Albasa kaɗai ta bari, ita ma ta tattake.

Ina cikin shirya kalaman da zan je in faɗa, washegari da safe sai ga tsohuwar da kanta ta yi sallama. Na ce to, ban-haƙuri ya zo. Ta zauna, aka gaisa, ta ce, "Malam, mi ka zuba ma ganyen nan naka? Akuyata ta kwana tana zawo." Na buɗe baki na rufe. Na ji kaina ina cewa, "Ki yi haƙuri, Inna, barkono ne da sabulu." Uwargida ta shige ɗaki da sauri, ina jiyo ta tana tari.

Abokan aiki sun zo, sun ci shinkafa da wake.

Na sake shukawa a Fabrairu don taurin kai. Zafin Maris ya sauko, salatin ya miƙe sama ya yi tsawo ya fid da fure, ɗacinsa kamar maɗaci. Tumatir ya zubar da furensa tas. Sandunan shingen nan biyar kuwa, da ban taɓa ba su ruwa da gangan ba, huɗu sun yi toho, har uwargida ta yi mana kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli sau biyu. Tana ajiye kwanon sai ta ce, "Ga amfanin gonarka, Mushe."

Na haɗa lissafi a bayan littafin kiran suna, jika ashirin da 'yan kai. Jiya na koma wurin mai tebur, na ja hula ta rufe goshi. Ya ƙulla salatin, ya dube ni da kyau ya ce, "A'a, mai lambu! Yau dala sittin ne."