Kafin ka biya kuɗin hostin mai arha, tambayi ta inda ake fita

Saura kwana tara sallah ƙarama wata Hajiya mai shagon atamfa da leshi a Unguwar Rimi ta aiko ɗanta ya kira ni. Na same ta zaune a bayan kanta, yaran shago biyu suna ninke shadda, ko gaisawa ba mu gama ba ta miƙo mini waya. "Malam, duba min abin nan. Tun jiya masu saye suke cewa shafina ba ya buɗewa." Na danna adireshin. Maimakon hotunan kaya, sai ga wani farin shafi da rubutun Turanci wai wa'adin sunan ya ƙare. Na ce, "Hajiya, wa ya yi miki rajista?" Ta ce ɗan ƙawarta ne, bara ya haɗa komai, ta ba shi kuɗi ya ce an gama. Na ce da imel ɗin wa aka yi? Ta yi shiru. Yaron yana bautar ƙasa a kudu, layinsa ba ya shiga, kuma duk saƙonnin gargaɗin da kamfani ya yi ta turowa cikin akwatinsa suka zube. Kwana huɗu muka yi kafin a same shi. Kwana huɗu a satin da mai sayar da atamfa yake cinikin rabin shekara.

Ina haɗa wa ƙananan 'yan kasuwa da makarantu shafukan intanet a garin nan na Kaduna, kuma tambayar da aka fi yi mini ita ce, "Wane hostin ne ya fi arha?" Ba na ganin laifin mai tambayar, kowa ya san yadda aljihu yake. Ni ma ba na cikin masu cewa arha ba ta ado a wannan harka. Mai shagon turare a Kasuwar Barci ko Islamiyya a Badarawa ba sa buƙatar abin da banki yake buƙata, kuma duk wanda ya sa su biya kuɗin saba ta musamman, wato babbar kwamfutar da za ta ɗauki shafinsu su kaɗai, ya cuce su. Abin da nake cewa shi ne, farashin da ka gani a talla ba shi ne abin dubawa na farko ba. Ka fara duba nawa za ka biya a shekara ta biyu, sunan wa ke kan takarda, kuma in kun ɓata da kamfanin yaya za ka kwashe kayanka.

Ga wanda bai san harkar ba, abu biyu ake saya, mutane kuma suna haɗe su. Akwai sunan shafi, wato domen, shi ne adireshin da ake dannawa. Akwai kuma hostin, wato wurin da ake ajiye hotuna da rubutun shafin a kan wata kwamfuta da ba a kashe ta. Hostin mai arha gidan haya ne irin na Tudun Wada, ɗaki-ɗaki, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, mita ɗaya. Shafuka masu yawan gaske suna zaune a kan saba guda. In maƙwabcinka ya kunna hita, kowa ya ga wuta ta yi ƙasa. In wani a gidan yana aika saƙonnin damfara, sai a sa adireshin gidan gaba ɗaya a baƙin littafi, kai da ba ka san hawa ba ba ka san sauka ba imel ɗinka ya riƙa faɗawa kwandon shara a wurin abokan cinikinka. Duk da haka gidan haya ya ishi yawancinmu. Ana iya sauya gida duk lokacin da aka ga dama. Sunan ne in ya kuɓuce ake kuka, don shi ne a kan katinka da ledar shagonka da allon ƙofa.

To, batun shekara ta biyu. Za ka ga an rubuta dala biyu ko uku a wata da manyan baƙaƙe. Sai ka je biya ka tarar wannan farashin na wanda zai biya shekara uku ko huɗu ne a dunƙule, kuma na zuwan farko ne kawai. Farashin sabuntawa yana can ƙasa da ƙananan haruffa, sau da yawa ninki biyu ko uku. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Domen ɗin da aka ce kyauta ne, na shekara ɗaya ne, daga nan sai ka biya.

Mu a Najeriya kuma akwai ƙarin duka a kan wannan. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, wajen 750 a kasuwar bayan fage. A watan Yunin shekarar aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta wuce naira 1,500. Ka yi lissafi da kanka. Hostin na dala 100 a shekara, wanda ya sayi dala a hannun 'yan canji ya biya wajen dubu 75, shekara na zagayowa sai ya nemo dubu 150, alhali kamfanin bai ƙara ko sisi ba. Na zauna gaban wani shugaban makaranta ina ƙoƙarin yi masa wannan bayani, yana kallona kallon wanda ake son a yi wa wayo. Ban ga laifinsa ba. Ga kuma matsalar kati. Tun 2022 bankuna da dama suka rage abin da za ka iya kashewa a waje da katin naira zuwa dala 20 a wata, wasu suka rufe gaba ɗaya, sai a tsakiyar 2025 wasu suka fara buɗewa. A tsakanin nan shafuka da yawa sun mutu, masu su da kuɗi a asusu, hanyar biya ce babu.

Shi ya sa ga ƙaramin ɗan kasuwa nake karkata ga kamfanin da yake karɓar naira, ka yi masa tiransifa daga wayarka a wuce wurin. Amma kada a ruɗe ka da kalmar "na gida". Da yawa daga cikin kamfanonin nan su ma haya suke yi a Amurka ko Turai su yanka su sayar mana, kuma lasisin cPanel, allon da kake shiga ka sarrafa shafinka, da dala ake biya, tun 2019 ma bisa yawan asusu ake cajinsa. In dala ta tashi su ma za su tashi, sai dai a hankali. Ka tambaye su kai tsaye: ina sabarku take? In sun ce Legas, a wace cibiya? Akwai cibiyoyin ajiyar bayanai na gaske a can, irin su Rack Centre da ta MainOne wadda Equinix ta saya a 2022. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, kowa ya ga yadda isa ga abin da ke waje ya zama aiki, har manhajojin wasu bankuna suka tsaya. In masu sayenka 'yan Kaduna da Zariya da Kano ne, kusanci yana da amfani. In kuwa sabar tana waje, wani kamfani mai suna Cloudflare yana da tsari na kyauta da yake rage nauyin buɗewa.

Haka sunan ma. Mai ƙarewa da .com da dala ake lissafinsa. Mai ƙarewa da .com.ng yana ƙarƙashin NiRA, ƙungiyar da ke kula da sunayen .ng, da naira ake saye kuma ya fi sauƙi sosai. Ban taɓa ganin wanda ya fasa sayen turaren wuta don adireshin ya ƙare da .ng ba.

Kalmomi biyu a talla suna ba ni dariya. Ta farko "ba iyaka". Babu faifan ajiya marar iyaka a duniya. Ka buɗe sharuɗɗan da ba wanda yake karantawa, za ka ga an ƙayyade yawan fayiloli da ƙarfin injin da aka yarda ka ja, ranar da ka wuce kuma za a dakatar da kai. Ta biyu ita ce alƙawarin shafinka zai kasance a kunne kashi 99.9 cikin ɗari. Ko sun cika, wannan yana nufin kusan awa tara a shekara a kashe. In 99 suka rubuta ba ɗigo, kwana uku da rabi ke nan har da ɗoriya. Sai kuma masu sayar maka da kwaɗon tsaro, wato SSL, a matsayin ƙarin kaya. Kana buƙatarsa, don tun Yulin 2018 Chrome yake yi wa shafin da ba shi da shi tambarin rashin tsaro, mai saye kuma in ya ga haka guduwa yake. Amma wata cibiya mai suna Let's Encrypt kyauta take ba da shi shekara da shekaru. Kamfanin da ya ce sai ka biya kafin ya kunna maka, ka san irin mai gidan da za ka zauna da shi.

Ni kaina na sha nawa dukan, kada a ce ina wa'azi daga kan tudu. Akwai shekarar da na ɗora shafin wata makaranta a wani kamfani da ya rubuta cewa yana ajiye kwafi kullum. Na yarda, ban taɓa sauke nawa ba. Aka yi wa shafin kutse ta wani tsohon ƙari da na yi sakacin sabuntawa a WordPress, manhajar da aka gina shafin da ita. Na nemi kwafin, aka ce sai na biya kuɗin maidowa. Na biya. Da aka maido, kwafin ma da cutar a jikinsa, don na kwana bakwai kawai suke riƙewa, ɓarnar kuma ta fi wata guda da shiga. Sati biyu na yi ina sake shigar da hotuna da sanarwa ɗaya bayan ɗaya, dare ina jiran a kawo wuta, kuma ban iya karɓar ko kwabo ba don kunya. Wannan ba matsalar ƙananan kamfanoni kaɗai ba ce. A Maris 2021 gobara ta cinye ginin ajiyar bayanai na OVH a birnin Strasbourg na Faransa, kamfanin da yake cikin manya a Turai, kuma akwai waɗanda kwafin ajiyarsu yana wuri ɗaya da ainihin shafin, duka suka tafi. Tun daga abin da ya same ni, duk ƙarshen wata nake sauke kwafi, ɗaya a Google Drive, ɗaya a filashi cikin durowa. Kamfanin da bai ba ka damar sauke cikakken kwafi da hannunka ba, ya kulle ka ne ya riƙe makulli.

Akwai gwajin da nake yi wanda ba ya cin ko naira. Kafin in biya, sai in aika wa sashen taimakonsu tambaya da misalin sha ɗaya na dare ranar Asabar. Ba tambayar farashi ba, wannan da gudu suke amsawa. Sai in ce, in ina son mayar da domen ɗina wani kamfani, yaya zan karɓi lambar canja wuri, kuma kwana nawa take ɗauka? Yadda suka amsa, da lokacin da suka ɗauka, ya fi mini duk taurarin yabo da ke shafinsu. Ka dai sani cewa sunan .com ba ya canja kamfani sai ya yi kwana 60 da rajista, wannan dokar ICANN ce, hukumar da ke kula da sunayen shafuka ta duniya, ba mugunta ba ce. In kuma wa'adinsa ya ƙare ka yi sakaci, akwai ɗan lokacin afuwa, bayansa sai kwana 30 na fansa da tara mai nauyi, daga nan duk wanda ya riga ka ya saye.

Wani lokacin ma nakan ce wa mutum ya riƙe kuɗinsa. Mai sayar da kilishi da yake samun oda ta WhatsApp Business kuma shagonsa yana kan taswirar Google, shafi ba zai ƙara masa komai ba a yanzu. Abokan sana'ata ba sa son jin wannan.

Hajiya ta yi sa'a, muna cikin kwanakin afuwa muka samu yaron, kuma yaron kirki ne, mantuwa ce da rashin sani. Na buɗe mata imel nata na kanta, muka mayar da sunan can, na sa lambar wayarta. Ta jawo littafin da take rubuta masu bashi, ta buɗe bangon ciki, na karanto mata ranar sabuntawa ta rubuta da jan biro. Sai ta ɗago ta ce, "Wato Malam, abin nan duk shekara zan riƙa biya?" Na ce ƙwarai, kamar kuɗin hayar shagon nan. Ta ce ai da tun farko haka aka gaya mata da ba a kai nan ba, ita ta ɗauka kamar firiji ne, ka saya ka kai gida. Ta tambayi nawa ne na shekara biyu, na faɗa mata, ta ce wa yaron shago ya miƙo mata ɗayar wayar mai manhajar banki.