Ku nemi inda malami zai san sunanku: nasiha ga ƙannena masu neman karatu a Amurka

Ƙannena, duk lokacin da ɗaya daga cikinku ya zo neman shawara a kan karatu a Amurka, sunayen da ke bakinsa ba sa wuce Harvard da MIT da Stanford, kuma da zarar na ambaci kwalejin Williams ko Amherst ko Grinnell sai in ga fuskarsa ta canza, kamar na ce ya koma sakandare. Ban ga laifinku ba, domin a wurinmu kwaleji tana nufin makarantar sakandare ko wurin horar da malamai. A Amurka kuwa akwai ƙananan kwalejoji masu bayar da cikakken digirin farko na shekara huɗu, wanda darajarsa ɗaya da na kowace jami'a, kuma ina roƙonku kada ku tsallake su saboda ba ku taɓa jin sunansu a gidan rediyo ba.

Akwai kuma kalmar "libaral" da ke cikin sunan irin waɗannan makarantu, wato "liberal arts colleges" a Turance, wadda take tayar da hankalin iyayenmu. Asalinta daga Latin ne, kuma tana nufin fannonin da ake ganin ya kamata kowane ɗa, wanda ba bawa ba, ya sani kafin ya shiga harkar jama'a, wato nahawu da manɗiki da balaga da lissafi da ilimin siffofi da na sauti da na taurari. Wanda ya san karatun zaure ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin malamanmu na Kano da Katsina da Sakkwato ba sa kiran mutum malami don ya karanta fiƙihu kaɗai, sai ya haɗa da nahawu da lugga da balaga da hisabi. Hikimar ɗaya ce: a buɗe wa ɗalibi ƙwaƙwalwa da fannoni da dama kafin ya tsaya a kan guda.

Babban dalilina shi ne kusanci da malami. Na yi digirina a wata babbar jami'a inda muke cika ɗakin lacca mu ɗari-ɗari, wasu a tsaye, wasu a bakin taga, kuma na shekara huɗu ban taɓa zama da farfesa ko na minti goma muna tattauna abin da na rubuta ba. Ranar da na buƙaci takardar shaida don neman digiri na biyu, sai da na gabatar da kaina ga malamin da ya koyar da ni har sau uku, kuma abin da ya rubuta bai wuce layi huɗu ba, domin bai san ni ba. Har yau abin yana min ciwo. Ku kwatanta wannan da kwalejin Williams da ke jihar Massachusetts, wadda aka kafa a 1793, ɗalibanta kuma ba su wuce kimanin 2,000 ba. Suna da wani tsari inda ɗalibai biyu kacal suke zama da farfesa ɗaya kowane mako, ɗaya ya rubuto maƙala ya karanta, ɗayan ya yi mata suka, mako mai zuwa kuma su yi musaya. A irin wannan zama babu bayan wanda za ka ɓuya. Idan ba ka yi karatu ba za a gane nan take, idan kuma hujjarka ta yi rauni za a nuna maka inda ta karye, kuma da haka ake koyon tunani da rubutu da tsayawa a gaban mutane a kare magana.

Abin da ya sa haka ke yiwuwa shi ne yawancin waɗannan kwalejoji ba su da ɗaliban digiri na biyu da na uku, ko kuma 'yan kaɗan ne. A babbar jami'a, hankalin shahararren farfesa yana kan bincikensa da ɗalibansa na digirin digirgir, kuma sau da yawa su ne suke duba aikin ɗan aji ɗaya. A ƙaramar kwaleji kuwa farfesa da kansa yake shiga aji, da kansa yake duba takarda, kuma idan yana neman mai taya shi aiki a ɗakin gwaje-gwaje, ku ne za ku samu gurbin. Saboda haka wanda ke son kimiyya kada ya ɗauka wurin na masu adabi ne kawai. Thomas Cech, wanda ya samu kyautar Nobel a fannin kimiyyar sinadarai a 1989, a Grinnell ya yi digirinsa na farko, a wani ƙaramin gari cikin gonakin jihar Iowa.

Sai kuma maganar zaɓen fanni. A Najeriya yaro ɗan shekara 16 ko 17 yake rubuta kwas ɗinsa a fom ɗin JAMB, galibi bisa umarnin baba ko kawu, kuma mun san mutane nawa ne suka kammala digiri a fannin da ba sa ƙauna. A waɗannan kwalejoji sai wajen ƙarshen shekara ta biyu ɗalibi yake bayyana fannin da zai ƙware a kai, bayan ya ɗanɗani lissafi da tarihi da tattalin arziki da ilimin kwamfuta. Patrick Awuah, ɗan Ghana, ya karanta injiniyanci da tattalin arziki a haɗe a kwalejin Swarthmore, ya yi aiki a Microsoft, sannan ya koma gida ya buɗe jami'ar Ashesi a 2002 da ɗalibai 30, bisa wannan tsari da ya gani ya amfane shi. Kofi Annan ma, wanda ya jagoranci Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1997 zuwa 2006, a Macalester da ke jihar Minnesota ya kammala digirinsa na farko a 1961.

Na san tambayar da ke ranku ita ce kuɗi. Farashin da ake rubutawa yana da ban tsoro, domin a manyan cikinsu ya haura dala 80,000 a shekara idan aka haɗa da abinci da masauki. Amma wasunsu suna da dukiyar wakafi mai yawa idan aka raba ta da ɗan adadin ɗalibansu, shi ya sa suke iya ɗaukar nauyin ɗan talaka daga wata ƙasa. Amherst da Bowdoin ba sa duba ƙarfin aljihun ɗalibi wajen ɗaukarsa, ko da baƙo ne, kuma idan sun ɗauke shi suna cike abin da iyayensa ba za su iya biya ba. Berea da ke jihar Kentucky ba ta karɓar kuɗin makaranta tun 1892, sai dai kowane ɗalibi yana yi wa makarantar aikin aƙalla awa 10 a mako. Gasar tana da zafi ƙwarai, wannan gaskiya ce, amma yawancin manyan jami'o'in jihohi ba sa bai wa baƙo irin wannan tallafi. 'Yan uwana mata kuma su sani cewa akwai kwalejojin mata irin su Wellesley da Smith da Mount Holyoke, wanda hakan kan kwantar da hankalin iyaye.

Ba zan ɓoye muku wahalar ba. Da yawansu suna ƙananan garuruwa ne masu tsananin sanyi, inda za ka iya zama kai kaɗai ne Bahaushe, masallacin Juma'a yana da nisa, naman halal kuma sai an nema. Kafin ka aika takarda, ka rubuta wa makarantar ka tambayi ko akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi, da wurin salla, da yadda ɗakin cin abinci yake yi da masu azumi. Injiniyanci ma ba kowacce ke koyarwa ba, sai irin su Swarthmore da Smith da Harvey Mudd. Mai son likitanci ko lauya kuwa ya sani cewa a Amurka sai an gama digirin farko ake shiga waɗannan, ko a wace makaranta mutum yake, kuma a lokacin ne takardar shaidar malamin da ya san ka ciki da waje take aiki.

Ku je ofishin EducationUSA, cibiyar gwamnatin Amurka mai ba ɗalibai shawara kan karatu a can, da ke Abuja ko Legas, shawararsu kyauta ce, ku kuma riƙa bibiyar dokokin biza domin suna yawan sauyawa. Wanda tafiyar ba ta yiwu masa ba, ya duba Ashesi a Ghana ko Jami'ar Amurka ta Najeriya da ke Yola, waɗanda suke bin irin wannan tsari. Idan kun zo cike fom ɗin Common App, wato fom ɗaya na intanet da ake neman makarantun Amurka da yawa da shi, ku bar babbar jami'ar da kuke mafarki a jerin, amma ku sa ƙananan kwalejoji uku ko huɗu a gefenta, kuma ku fara neman malaman da za su rubuta muku shaida tun kuna aji biyar na sakandare.