Robar Ƙofa da Babbar Rigar Surukina

Duk mai tsohuwar Fijo 504 ya san injinta ba ya mutuwa, sai dai sauran jikin ya riƙa yin sallama ɗaya bayan ɗaya. Tawa haɗin Kaduna ce, daga masana'antar nan da ta fara aiki a 1975, kuma tun da na gaje ta ba a taɓa robar ƙofofinta ba. Rana ta gasa ta, ta bushe, ta tsattsage. Da hunturu mu fito fari fat da ƙura, da damina kuwa uwargida sai ta shimfiɗa leda kafin ta zauna. Ranar da ta ce, "Maigida, ko dai mu riƙa shiga da lema?" na kama hanyar kasuwar Panteka.

Mai kaya ya auno mini roba, ya haɗa da gwangwanin gam, ya rantse ko tafki na faɗa ɗigo ba zai shiga ba. Kuɗin bakanike kuwa na ce su yi zamansu a aljihuna.

Tsohuwar robar ba ta yarda ta fita da mutunci ba. Ɓarɓashi-ɓarɓashi na riƙa ƙwaƙulo ta da sukundireba, tsohon gam ɗin sai da fetur ya saki, ƙarƙashinsa tsatsa ta yi ja. An gaya mini a shafa gam siriri a ƙarfe da roba, a bari ya sha iska, kuma kada a ja robar a kwana don za ta koma ta bar rata. Batun kwana na kiyaye. Gam kuwa, tunda na biya kuɗin gwangwani guda, na ga babu dalilin rowa.

Sabuwar roba ga kauri. Ƙofa ta ƙi rufuwa sai an sa kafaɗa. Ban gama kankare yatsuna ba aka aiko in kai surukina ɗaurin aure.

Baba ya shiga gaba cikin shadda fara sol, na durƙusa na gaishe shi, na tura ƙofa a hankali. Ta dawo. Na sake. Ta dawo. Na ja da baya na maka ta, garam, har hularsa ta karkace.

"Malam, idan akwai uzuri ai sai in hau a-daidaita-sahu," in ji shi, yana kallon gaba.

Na yi ta rantsuwa har ƙofar masallaci. Can, a gaban jama'a, na finciko ƙofar, Baba ya sauko da natsuwa ya tattara hannun riga zai saɓa a kafaɗa, sai ga roba baƙa ta biyo shi, tana ɓantarowa daga jikin motar yana tafiya tana ƙara tsawo. Bai waiwaye ni ba. Ɗana ya kira, wanda ke zaune a baya.

"Kai, ce wa babanka ya zo ya karɓi kayansa."